Ƙuma a Ɗakin Inna

Na gaji da jin maganar nan a bakin mutane, shi ya sa zan ajiye maku ita da hannuna, ko da rubutun nawa karkatacce ne. Ban yi makarantar boko ba. Ajin yaƙi da jahilci na zauna da gemuna, na tsinci abin da na tsinta. Kun tashi kuna jin ana cewa ubanku ya raba gidan ubanshi saboda kare. An faɗa maku a bakin rijiya, an faɗa maku a gidan suna, kuma na san cikinku akwai wanda ya yarda, don ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai in an ambaci tsohon gidanmu. Kare yana cikin maganar, ban musa ba. Akwai kyanwa ma a ciki, ita ce ba a faɗa maku. Amma abin da ya tada fitinar ƙwaro ne da bai kai ƙwayar gero ba.

Zamanin Turawa ne, lokacin da ake kai gyaɗa awo Kankiya a kan jakuna. Muna zaune a Dudunni, gida ɗaya, gandu ɗaya: ni Idi, da wana Mamman, da matanmu, da tsohuwarmu Inna. Baba bai daɗe da rasuwa ba. Manomi ne, da rani kuma maharbi. A ɗakin Inna ya yi ciwon ajali, a nan ya kira mu ya ce kada a raba gandu muddin Inna na numfashi. Muka ce to. Saboda haka ba a taɓa komai nashi ba. Buzun sallarshi, kwari da baka, burgami, warkin farauta, adudun riguna, har tsohuwar hauyar da ta cinye, duk suna nan ƙarƙashin gadon Inna da bayanshi. A wajenmu kayan mamaci sau ɗaya suke fitowa tsakar gida, ranar rabon gado, in an tara dangi da malami. Kafin wannan rana ko tsintsiya ba ta kusantar su. Ga shi idon Inna ya yi yana, da hannu take gane inda komai yake, ba ta yarda a motsa mata ko ludayi.

Ban da mu da dabbobin turke, abu biyu masu rai Baba ya bari. Na farko kare ne, ɗan karyar farautarshi, wanda ya sa ma suna Bar-su don habaici ga maƙwabta masu cewa bai kamata ya ajiye kare ba. Ni ya bi bayan rasuwar. Ba don ado nake riƙe da shi ba. Muna da gona a nesa, gindin duwatsu, inda birai ke sauka in dawa ta fara nuna, in ba don Bar-su ba rabin dawar nan tasu ce. A bayan zaure yake kwana, bai taɓa sa baki a ƙwaryar kowa ba. Na biyu kyanwar Inna ce, fara mai jajayen ƙafafu kamar ta sha lalle, shi ya sa Inna ke ce mata Amarya. A ƙafafun Inna take kwana. Tunda Baba ya tafi, da ita Inna ke hira, ka wuce ƙofar ɗakin ka ji tana ba ta labarin mutanen da suka mutu kafin a haife mu.

Shekarar nan gyaɗa ta yi kyau, kowa ya ƙi sayarwa da wuri, aka cika ɗakuna da buhuna ana jira ta ƙara daraja. Ɓera ya samu gari. Amarya ta yi ƙiba, ta shiga ƙarƙashin gado ta haihu a kan buzun Baba. Bazara na shigowa, zafi ya sauka, sai ƙuma ya tashi. Wanda bai ga irin wannan ba, ba zai gane ba. Ka tsaya wuri ɗaya, ka duba ƙafarka, ka ga ta yi baƙi har ƙwauri. Ana cin tuwo ana susa, ana salla ana susa, baƙo ya zo gaisuwa ya tafi da guzurin da bai roƙa ba. Delu matar Yaya, wadda akwai wasa tsakaninmu, ita ta fara ɗora ma kare. Na shigo daga gona na tarar da ita tana susar ƙafa da ɗan kara.

"Sarkin karnuka, talakawanka sun kawo mana gaisuwa."

"Ki karɓa mana. Ba kullum ake samun mai gaishe ki ba."

"Allah ya sawwaƙe. Ka faɗa ma ƙanen naka mai wutsiya ya zo ya kwashe danginshi."

Ita wasa take. Yaya ba wasa yake ba. Yana zaune yana gyaran igiyar jaki, bai ko ɗago ba.

"Idi, ka nema ma karen nan magani. In ba shi da magani, ka kai shi inda ba zai dawo ba."

Daga nan na zama abin tausayi, kowa da maganin da zai koya mani. Wani ya ce kananzir. Na shafa mashi kaɗan a gindin wutsiya, fatar ta saluɓe, ya yini yana zagaya kanshi yana kuka. Wata tsohuwa ta ce a jiƙa ganyen taba a yi mashi wanka. Ƙuman ya zube, gaskiya, amma karen ya yi ta amai yana tangaɗi, na ce yau na kashe shi da hannuna. Toka mai ɗumi tana yi, sai dai ta safe ce, kafin azahar sun dawo. A ƙarshe na je wurin Buba, Bafulatanin da ke sauka gonarmu da shanu kowane rani don taki. Ya ce in dafa sassaƙen maɗaci, in bari ya huce, in wanke shi da shi. Na juya zan tafi ya kira ni.

"Kaɗo, tsaya. Ko ka wanke kare har ya koma fari, aikin banza ne. Ƙuma a jikin dabba yake ci, amma a ƙasa yake haihuwa. Ka nemi inda dabba ke kwanciya, inda rana ba ta shiga, tsintsiya ba ta shiga."

Yana faɗa na san wurin. Na yi kamar ban sani ba. Na dawo na ƙona makwancin Bar-su, na wanke shi da maɗaci har bakina ya yi ɗaci don tururi, na ja shi na kai rugar Buba na ɗaure, na ce ya zauna can. Wata ya mutu, wani ya tsaya, kare bai taka gidan ba. Ƙuma sai abin da ya ƙaru. Kowa a gidan ya gane. Hajo mahaifiyarku, in ta kai ma Inna tuwo, tana fitowa sai ta ɓuya bayan rumbu ta kakkaɓe zane. Delu a bakin ƙofa take tsayawa ta miƙa ƙwarya. Amma wa zai buɗe baki ya ce ɗakin uwarshi ne matattara? Hannuwan Inna duk sun yi tabo don susa, in ka tambaye ta sai ta ce tsufa ne, fatar tsoho ƙaiƙayi gare ta. Yaya kuma ya samu abin faɗa, wai karen ya bar ƙwai kafin ya tafi.

Da mu kaɗai ne, da na ci gaba da susa kamar kowa. Amma babbar yayarku lokacin tana rarrafe, kuma Inna ba ta da abin so kamarta. Da safe sai ta ce a kawo mata ƙawarta, ta ɗora ta a cinya har rana ta take. Jikin yarinyar nan ya yi ƙuraje tun daga wuya har tafin ƙafa, ta susa, suka fashe, suka fara ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. Hajo ba ta iya hana suruka jikarta. Sai ta karɓo ta ta shiga ɗaki ta yi ta kuka a ɓoye. Wata safiya muna tsakar gida, Delu na daka, Yaya ya sake cewa wannan duk aikin karen Idi ne. Ni kuma bakina bai iya kwana ba, kun sani.

"Yaya, kare ba ya gidan nan. Ƙuma a ɗakin Inna yake, ƙarƙashin gado, cikin kayan Baba. Kowa ya sani."

Taɓaryar Delu ta tsaya a sama. Hajo ta shige ɗaki. Can sai muryar Inna ta fito daga bayan asabari.

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Inna."

"Na ji. Dama kai tun kana ciki da ƙafa kake magana."

Yaya ya ja ni zaure. Ina so ku fahimci wani abu, ba mugu ba ne. Shi ma ɗiyanshi na susa, shi ma ya san inda abin yake, ya kwana yana neman hanyar da ba za a taɓa kayan Baba ba, kuma ya samo. Akwai wata farar hoda da Turawa suka kawo lokacin, wadda ake barbaɗa ma buhunan gyaɗa a sito don ƙwari. Masu gadi kan ɗebo ta su sayar a gefen kasuwar Kankiya. Yaya ya ce zai sawo, a kama Amarya da ɗiyanta a barbaɗe su sosai, a sake su. Su da kansu za su shiga ƙarƙashin gado, su bi lungun da hannu ba ya kai, su kai maganin. Ba a motsa komai ba, Inna ba ta sani ba. Yana faɗa yana jin daɗin dabarar. Ni kuwa na ga aikin hodar nan a garin Ƙofa, gidan wani da na je sayen irin wake. Ya barbaɗa ma karenshi da kyanwarshi rana ɗaya. Karen ya girgiza jiki ya yi tafiyarshi. Kyanwar ta zauna ta lashe kanta tas, kafin magariba tana kumfa tana shure-shure.

"Yaya, kyanwa da harshe take wanka. Abin da ka zuba mata a baya, a ciki ka zuba mata. In Amarya ta mutu wa zai ɗauki alhakin? Kuma da wa Inna za ta yi hira? Da kai, da ko sunanka ba ta faɗi?"

Shi ne ɗan fari, Inna na kunyarshi, Babba take ce mashi, ba ta zama da shi su yi doguwar magana. Na san maganar ta soke shi.

"To mi kake so a yi?"

"A fitar da kayan rana ta duke su. A ƙona kara a ƙasan ɗakin, a zuba maɗaci, a sake daɓe. Kyanwar a murza mata toka da hannu a tsince."

"A fitar da kayan Baba tsakar gida. Ka ji abin da bakinka ya faɗa?"

"Shanya ce, ba rabo ba."

"Kai ka san shanya ce. Gari fa? Ranar kasuwa zan sawo hodar. Ni ne babba, magana ta ƙare."

Ranar kasuwa ya ɗaura ma jaki kaya ya kama hanya tun da sanyin safiya. Na tsaya a zaure ina kallon bayanshi har ya ɓace. Na lissafa a raina: in na fara yanzu, na rufe zaure, kafin ya dawo na mayar da komai inda yake. Ya tarar da ɗaki a share, ya yi faɗanshi na yini ɗaya, ya huce. Na san ya hana. Na san abin da kayan nan ke nufi a tsakar gida. Amma na duba yarinyar nan a bayan uwarta, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi, na kuma tuna kyanwar Ƙofa. Na yi sallama na shiga ɗakin Inna, na durƙusa. Kafin in gama gaisuwa na ji su suna hawa ƙafata.

"Inna, Yaya ya tafi sawo maganin ƙuma. A jikin Amarya zai zuba."

"Babba ya ce zai kashe mani ita?"

"Bai ce ba. Bai yarda za ta mutu ba. Ni na ga wadda ta mutu."

"Kai kuma mi ka zo da shi?"

Na faɗa mata. Ta shafa bayan kyanwar.

"Ubanku ya ce kada a raba."

"Ba rabawa zan yi ba, Inna. Shanyawa zan yi in mayar."

"Ni ban ce ka yi ba. Ban ce kada ka yi ba. Kama ni ka kai ni inuwa, zafi ya ishe ni a nan."

Ta sa kyanwar a hammata, na kama hannunta na kai ta gindin ɗorawa da ke tsakar gida. Na dawo na tare ƙofar zaure da zana. Hajo ta ɗaure zane ta shigo. Delu ta ce ita ba ruwanta, ba ta gani ba, ba ta ji ba, ta shige ɗakinta. Ba a jima ba sai ga ta da tsintsiya biyu, tana cewa in Malam, wato Yaya, ya tambaya, ni na tilasta ta. Muka ɗaga gadon. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba na fatan in ƙara. Da na ɗauki buzun Baba, gashin jikinshi motsi yake kamar ragon bai mutu ba. 'Yan kyanwar nan kunnuwansu sun yi fari fat, an shanye masu jini. Muka sa su a masaki muka kai ma Inna. Muka yi ta fitar da kaya, ni ina miƙowa, mata na karɓa suna bugawa da sanda suna bazawa a rana. Hajo ta yi abin da kowace mace ke yi in tana shanya: kayan fata da ƙarfe ta tara su gefe ɗaya, kayan sawa gefe ɗaya, don kada su haɗu. Kashi biyu ke nan. Mu kuma 'ya'yan mamacin maza mu biyu ne. Wallahi ban lura ba, ina cikin ɗaki ina shimfiɗa kara.

Ɗakin soro ne, ba na tsoron wuta ta kama rufi. Na baza kara a ƙasa na kunna. Abin da ban lissafa ba shi ne hayaƙi. Ya fito ta ƙofa ya turnuƙe sama, a bazara, lokacin da kowa ke kwana da tsoron gobara. Sai na ji ihu a waje. Kafin in fito an ture zanar zaure, maza da mata sun cika gidan da tuluna da ƙore. Suka tsaya cirko-cirko da ruwa a hannu. Ba gobara. Ga kayan marigayi kashi biyu a tsakar gida, ga tsohuwa an fitar da ita gindin itace, ga ƙane da matarshi a kan kayan, babban wa ba ya nan. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ajiye tulunshi a hankali.

"Ashe rabo ake. Ba a gaya mana ba."

"Ba rabo ba ne, Baba. Ƙuma ne. Ku duba buzun nan ku gani."

"To, to. Mamman ɗin fa?"

"Ya je kasuwa."

"Ya je kasuwa. To, Allah ya sa alheri."

Na yi bayani har miyau ya ƙafe a bakina. Kowa na gyaɗa kai yana to, to, yana ja da baya, ba wanda ya matso ya duba buzun. Suka fita da ruwansu. Na so in mayar da kayan nan take, amma ƙasan ɗakin garwashi ne, bayan garwashi kuma ruwan maɗaci da muka kwarara, sai ya sha iska. Magana kuwa ba ta jiran ƙasa ta bushe. Ta riga ta bi masu dawowa daga kasuwa, ta tari Yaya a hanya tun bai hango gari ba. Da la'asar ya shigo, da ƙullin hodar a hannu. Bai yi sallama ba. Ya tsaya tsakanin kashi biyun nan yana dubawa, wannan, sannan wancan.

"Wanne ne nawa?"

"Yaya, shanya ce."

"Na ce wanne ne nawa? An tare ni a bakin rijiya ana tambayata ko yafe maka na yi, ko tsoronka nake ji."

Delu ta matso. "Malam, wallahi da ka ga abin da ke ƙarƙashin gadon nan..."

"Ke!"

Ta koma. Sai Inna ta yi magana daga gindin ɗorawa, ta juya fuska wani gefe kamar yadda take yi in da shi take.

"Babba, ni na ce a fitar da ni."

"Ke kika ce a fitar da ke, Inna. Ba ki ce a fitar da Baba ba."

Bai ƙara ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mani sauƙi. Ya hana a mayar da kayan ɗaki, aka kai su zaure aka rufe. Ya aika garin Mawashi aka kira Baffa, ƙanen Baba. Baffa ya zo ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ya ga ɗakin, ya ga jikin yarinyar. Ya ce ya yarda ƙuma ne, ya yarda ban ɓoye ko allura ba. Amma abin da idon gari ya gani a tsakar gida ba ya komawa ɗaki. In aka mayar, har abada za a riƙa cewa ƙane ya zaɓi nashi a bayan idon wa, wan ya haɗiye. Mamman ba zai iya zama a majalisa da wannan ba, kuma ranar da zai fashe, zai fashe da sanda. Gara a raba yanzu a gaban shaidu, tun ana gaisawa. Na ce Baffa, wasiyyar Baba fa? Ya dube ni.

"Wasiyyar ai kai ka shanya ta a rana, Idi."

Aka raba kafin ruwan shuka. Ban yi gardama a kan komai ba, na gaji. Gida da gonar bayan gari suka faɗa ma Yaya, da buzun, da Inna, tunda shi ne babba. Ni aka ba ni kwari da baka, da akuya, da gonar gindin duwatsu. Da aka zo kan gonar nan, malamin ya tambaya ko akwai mai magana, sai Yaya ya ce, a gaban kowa, a ba Idi, ai shi ke da kare. Mutane suka yi dariya. Daga nan karen ya shiga labarin, bai sake fita ba. Wanda aka ba labari ya ba wani, kyanwa ta faɗi a hanya, ƙuma ya faɗi, yarinya marar lafiya ta faɗi, aka bar Idi da karenshi.

Na kwance Bar-su daga rugar Buba, muka kafa bukka a bakin gonar. Daminar farko ba na son tuna ta. Gonar da hauya biyu ke nomawa ta koma ta hauya ɗaya, ƙasa ce mai tsakuwa, ga haraji yanzu a kaina ni kaɗai. Hajo ta shiga gona noma da goyo a baya, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan gandu, kuma ba ta taɓa ce mani kai ka ja mana ba, ko sau ɗaya. Rumbunmu bai kai mu bazara ba, muka ci tafasa da rama har suka fita ranmu. Bayana da kuke ji ina kuka da shi, a wannan gonar na bar shi. Hodar kuwa ba zan yi mata ƙarya ba. Yaya ya barbaɗa ta a ɗakinshi da turken awaki, ta yi aiki sarai. Da a ƙasa ya ce za a zuba ta, ba a bayan kyanwa ba, da wataƙila har yau muna gida ɗaya. Amma ƙasan ɗakin Inna ba ta zubuwa sai an ɗaga kayan, ga inda muka maƙale ke nan. Ni da shi ba mu yi gaba ba. Muna gaisawa, muna haɗuwa a jana'iza, ɗiyanshi 'yan'uwanku ne, kada in ji wani ya yanke su. Sai dai hannuna da nashi ba su sake haɗuwa a ƙwarya ɗaya ba. Na sha juya abin a raina ina kan kunyar gona. Ban ga inda zan canza ba, ban kuma ga abin da na ci ba.

Bayan mun tashi da ɗan lokaci na je gaishe da Inna da hantsi. Mata sun yi ma ɗakin sabon daɓe, yana ƙamshin makuba. Na tarar da ita a bakin ƙofa da kaskon toka a gefe, Amarya a cinya, tana murza mata tokar tana lalube da yatsu, in ta kama ɗaya ta fasa shi da farce.

"Idi ne? Na ji takun."

"Ni ne. Ina kwana, Inna?"

"Lafiya lau. Ƙawata fa?"

"Ƙurajen sun bushe. Ta fara tsayawa da bango."

"Madalla. Ni ma barci nake yanzu. Rana ta fito ban sani ba."

"To alhamdu lillahi."

"Da can ƙaiƙayi ke tada ni tun asuba. In kwanta ina susa ina jin ku a zaure, kai da Babba, kuna gardamar wa ya ɗauki hauyar wa. Yanzu ba abin da ke tada ni."

Ta ɗago kyanwar ta miƙo wajen da take jin numfashina.

"Riƙe mani ita in duba bayan kunnen."

Na durƙusa na riƙe.